Ƙarƙashin Kujera

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar taka? Ya Inna da ƙannena?

Albishirinka! Ka tuna yadda kake sa ni goge ƙarƙashin kujera a shagonka, inda ido ba ya kaiwa, ina ta ƙunƙuni? A nan ma ban daina gogewar ba, har sauran kafintoci suka laƙaba mini Hawainiya. Shekaranjiya maigidanmu ya kifa kujerar da na haɗa, ya shafa ƙarƙashinta. Jiya ya danƙa mini makullin shago.

Lafiyata lau. Yatsuna sun ɗan tsattsage, ɗakina kuma ƙarami ne, amma barci nake har da minshari.

A ƙara sa mini albarka. Ƙunƙunin nan kuwa, Baba, na janye shi.

Ɗanka,
Hawainiya