An ɗauki muryar babana daga wasan da na haɗa ana zagin amininsa da ita

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shawararku na zo nema, don abin ya kai ko abinci ba ya yi mini daɗi, kuma a gidanmu duk wanda na tunkara da maganar ya riga ya ɗauki ɓangare.

Ni mace ce, a Tsibiri nake tare da iyayena, kullum da safe nake shigowa Maradi inda nake aiki a wani shagon buga takardu da fotokofi a Sabon Gari. Na samu bak, wato na ci jarrabawar ƙarshen sakandare, amma ban samu wucewa iniversite ba, to a shagon nan ne sha'awar haɗa shafin intanet ta kama ni. Idan babu masu kawo aiki sai in buɗe bidiyon koyarwa na Faransanci ina bi a hankali, har na kai ga JavaScript, wanda da shi ake sa abu ya yi motsi a shafi. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane wahalar ba. Ka yini kana rubutu, ka manta waƙafi guda, shafin ya fito fari fat, ba zai ma gaya maka laifinka ba. Ga kuran, wutar lantarki, da ake ɗaukewa kana tsakiyar aiki, ga koneksiyon da sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ranar da na fara sa wani ɗan jan ɗigo ya tashi daga hagu zuwa dama, don murna na kira mai shagonmu ya gani, ya duba ya ce to sai kuma me, ya koma kujerarsa. A gida kuwa Baba wasan yara yake kiran abin, Inna ta ce idona zan kashe a banza.

Da Kawu, yayan Inna, ya ji labari, shi ne ya ara mini wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, daga gidansa na unguwar Zariya a nan Maradi. Ɗan kasuwa ne babba, kuma gaskiya ya kyauta mini, don da ita na haɗa wasana na farko. Wasan mai sauƙi ne, manomi ne tsaye a gonar gero, tsuntsaye jan baki suna sauka a kan zangarniya, kai kuma kana danna fuskar waya sai manomin ya yi ihu su tashi, in ka yi sanyi su cinye gonar. Kafin ya tsaya da ƙafarsa na sha wuya, tsuntsayen su maƙale a gefe su ƙi dawowa, ko su ratsa ta cikin manomin kamar aljanu, ko ihun ya fito bayan sun gama ci. Shi ihun na rasa inda zan samo mai daɗi, sai na tuna Baba. Babana yana da wata irin murya ta korar tsuntsu da duk unguwarmu an san ta, tun daga bakin hanya ake ganewa shi ne. Na roƙe shi ya ƙi, na sake roƙo ya yi dariya, ƙarshe ya kai ni bakin gona ya yi mini na ɗauka a waya. Da na gama na miƙa masa, ya danna ya ji kansa, ya yi dariya har da hawaye. Ya tafi da wayata majalisarsu ya nuna wa abokansa, cikinsu har da amininsa tun ƙuruciya, wanda zan kira Baba Rabe, tsohon malamin lakwal ne, makarantar boko, shi ya koya mini karatu. Daga ranar Baba bai ƙara cewa wasan yara ba. Na ɗora wasan a shafina, na sa sunana a ƙasa, amma ban da 'yan uwa da ƙawaye babu mai bugawa.

Ana haka lokacin zaɓe ya matso. Kawu ya fito neman depite, wato kujerar ɗan majalisa, Baba Rabe ma jam'iyyarsu ta sa shi, ka ga sun zama abokan hamayya. Babana ba ya siyasa, da surukinsa da amininsa duk yana gaisawa. Sai ɗan Kawu, zan kira shi Lawali, wanda shi ke riƙe da kamfen ɗin babansa, ya zo shago ya ce in ba shi kwafin wasan, wai zai nuna wa wasu masu tallafa wa matasa. Na ji daɗi, na zuba masa a kile USB ya tafi.

Ba a jima ba wata ƙawata ta turo mini adireshin wani shafi a WhatsApp, ta ce ke kika yi wannan? Na buɗe na ga wasana ne, gonar nan, manomin nan, amma an cire kawunan tsuntsayen an manna hotunan Baba Rabe da mutanen jam'iyyarsu, an canza sunan wasan zuwa Kori Ɓarayi. Kana dannawa sai muryar babana ta fito tana korar Baba Rabe daga gero. Sunana kuma yana nan a ƙasa, ko goge shi ba su yi ba. Abin da ban samu ba da halal ɗina sai ga shi, 'yan kabu-kabu na bugawa a tasha, masu shayi na bugawa, har a shagonmu wani ya zo fotokofi yana dannawa yana ƙyalƙyala dariya, bai san ni ba ce.

A Tsibiri kuwa babu wanda ya yi tambayar muryar wa ce. Baba Rabe ya daina zuwa majalisa, matarsa ta haɗu da Inna a wajen suna ta kau da kai. Baba ya je har gidansa don ya yi bayani, aka ce masa ba ya nan, alhali takalmansa na ƙofar zaure. Ya dawo ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ga shi ba lokacin noma ba.

Na kira Lawali muka yi ba daɗi. Ya ce ni ce kullum nake kukan ba a buga wasana, yanzu duk gari na bugawa kuma ina fushi, wai godiya ya kamata in yi masa. Abin ya ƙona mini rai, don na san na sha faɗin haka a gabansa. Na wuce Zariya wajen Kawu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ɗiyata, siyasa ce, ana gama zaɓe kowa zai manta.” Ya ce ordinatar ta zama tawa, kuma yana da wanda zai samo mini gurbi a makarantar koyon wannan aiki a Yamai, in dai na bar maganar ta mutu. Ba zan ɓoye muku ba, wannan makaranta ita ce abin da na daɗe ina roƙon Allah, na gaji da koyo ni kaɗai ba mai duba mini kuskure.

To ga inda abin ya tsaya mini a wuya. Da na buɗe nasu na duba cikinsa, na gane wanda ya yi musu aikin hotuna da suna kawai ya iya canzawa. Kod ɗin da ke tafiyar da wasan da muryar Baba duk daga shafina suke ɗauko su har yanzu. Ma'ana daga inda nake zaune zan iya cire muryar, ko in kashe wasan gaba ɗaya, ko in sa duk wanda ya buɗe ya ga rubutu cewa an ɗauki aikin nan ba da sanina ba, kuma babana ba shi da hannu. In na cire muryar shiru, Kawu zai san ni ce, Yamai ta tafi, kuma sunan Baba bai wanku a idon amininsa ba. In na sa rubutun, Baba ya wanku, amma na tona wa yayan mahaifiyata asiri ana dab da zaɓe. Inna ta zaunar da ni tana kuka, ta ce su biyu suka rage a ɗakinsu, kar in zama sanadin rabuwarsu, in yi haƙuri zaɓe ya wuce.

Yau da safe ina shirin fita Baba ya tsayar da ni a tsakar gida. Tun da abin ya faru bai taɓa yi mini maganar ba sai yau. Ya ce, “Ke kika sa muryata a ciki. Kina iya fiddo ta?” Na ce ina iyawa, Baba. Ya ce, “To mi kike jira?” Inna na tsaye a ƙofar ɗaki tana kallona. Na ce na makara aiki, na fita.

'Yan uwa, musamman waɗanda suka san darajar iyaye da zumunci, me zan yi? In cire muryar kawai in yi shiru, ko in fito in faɗi gaskiya kowa ya gani, ko in bi maganar Inna in bar babana yana wucewa ta ƙofar amininsa ba sallama har bayan zaɓe? Yau da yamma zan koma gida, kuma na san zai sake tambayata.