Indararon Souwaiba

Litinin, 3 ga Yuni

Souwaiba, ɗiyar ƙanena marigayi Ilyas, ta kai ni in ga izin ɗinta, wato masana'antarta, a hanyar Tchirozérine. A can take gasa karo na daɓen ɗaki, da indararo mai zubo da ruwan sama daga kan soro. Shekara arba'in ina gina indararo da hannu, yau ga yarinya tana zana shi a ordinatar, wato kwamfuta. Mashin ya niƙa yumɓu, ya tace, ya matsa cikin mazubi, sai tanderu. Na murza yumɓun a yatsa, laushi kamar garin alkama, ba tsakuwa ko ɗaya. Na ce, "Madalla." Abin da na ce ke nan.

Asabar, 8 ga Yuni

Gashin farko ya fito. Rabi ya tsage.

Laraba, 19 ga Yuni

Na biyu ma haka. Gida talatin na tsohon gari suna jiranta kafin damina. In ta kasa, su sa tuyo, bututun roba, ita kuma ta rufe ƙofa ta sallami mutanenta shida. Na san ciwon. Yumɓu tsantsa ba ya jure wuta, sai an haɗa shi da dakakken tsingaro, tsohon da ya riga ya sha wuta ya riƙe sabo. Amma babanmu ya ce sana'a ba a kai ta, zuwa ake a roƙa.

Matata Indo ta ce, "Malam, kai da yarinya kake gasa? Gemunka fa ya yi fari." Na ce mata tuwon ya yi gishiri. Tuwo kuwa ba a sa masa gishiri, ta tuna mini.

Alhamis, 20 ga Yuni

Souwaiba ta zo gaisuwa, idonta ja. "Baba, ina gajiya?" Muka yi zancen zafi, muka yi na tsadar albasa. Ta tashi ba ta tambaya ba. Taurin kan Ilyas ne sak. Ai ni ba ni da shi.

Litinin, 1 ga Yuli

Hadari ya leƙo ta gabas ya koma. Ina neman igiya a bayan ɗaki na iske tarin fasassun indararo na da, har da shaidar babban yatsan Ilyas a bakin wani. Na daɗe a tsugune.

Buhu biyu na cika, na hau adaidaita zuwa izin. Na ce wa Souwaiba shara na kawo, gidana ya cika. "A daka, kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma ki fid da ɗanyun indararon daga ƙarƙashin rufin kwanon nan mai zafi, a inuwa suke bushewa, sannu, kamar fushin tsoho." Ta ga yatsan a jikin tsingaron. Ta ce, "Baba, wannan ɗaya kada a daka." Na ce to.

Juma'a, 19 ga Yuli

An buɗe tanderu. Na ƙwanƙwasa su ɗaya ɗaya da zobena, kowanne ya amsa tangaran. Biyu kawai suka yi muryar mura.

Talata, 6 ga Agusta

Ruwa tun azahar. Indararon da ke kan soronmu na izin ne, don gwaji kawai na sa shi. Yana jefa ruwa nesa da bango, har ya ɗan fi... to, ba laifi dai.

Gobe ana kwaɓa sabon yumɓu da takwas. Na ce wa Indo ta tashe ni da wuri, kada yaran nan su ɓata.