Shokazoba Mai Tauri Ko Mai Laushi

Makarfi, ran Asabar

Zuwa ga taubashina Ya'u bakanike, a Kudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mero da yara da su Kawu. Yaya aiki, yaya ƙarshen damina? Allah Ya ba mu alherinta.

An ce wayarka ta yi iyo a cikin baƙin mai, rowa kuma ta hana ka sayen wata, shi ya sa ka ga takarda. Direban da ya kawo ta zai ba ka wani ƙarfe a buhu. Shokazobar motata ce ta baya, ta tsinke mini a hanyar Janfalan. Sauran ukun ma duk yoyo suke. In motar ta faɗa rami sai ta yi ta rawa kamar an buga mata kalangu, a kwalta kuwa ina taka burki sai ta duƙa da goshi.

Ka san aikin a-kori-kurar nan mai fowil, wato mai ja da taya huɗu. Rabin rayuwarta a cikin gonaki take, rabi a kwalta. Ga kaka ta matso, masu masara sun fara nemana. Ita ce kuma ke kai Inna asibiti Zariya wajen gashin ƙashi, tun aikin da aka yi mata a ƙugu. Likita ya ce muddin ta yi wasa da zuwa, ƙafar za ta sandare ta koma zaune. Ka ga ba motar da zan ajiye ba ce.

Ka nemo mini mai ƙarfi, wadda ba ta san gajiya ba. Kada ka haɗa ni da gwanjon da kake liƙa wa ƙauyawa.

Ka gaida gida. Wassalam.
Iliyasu

*

Kudan, ran Litinin

Wa alaikumus salam, bawana Iliya.

Na samu takardarka da gawar da ka aiko. Allah Ya jiƙanta, ta sha wuya a hannun azzalumi. Mero tana gaishe ka, Baba ya ce a gaida masa ƙanwarsa da jiki.

To buɗe kunnenka. Shokazoba ba ta ɗaukar kaya, sifirin ne ke ɗauka. Ita aikinta ta riƙe sifirin kada ya yi ta tsalle bayan taya ta faɗa rami. Iri biyu nake samu masu kyau. Akwai mai tauri, 'yar gas, kakkaura, ba ta saurin ɗaukar zafi ko ka wuni kana gargada. In muka haɗa ta da ƙarin falle ɗaya a sifirin, za ka labta buhuna motar ba ta zauna ba, a kwalta kuma za ta sha kwana ba tangaɗi. Amma ranar da babu kaya a baya, duk tsakuwar da taya ta taka sai ƙashin bayanka ya san da ita.

Akwai kuma mai laushi, irin wadda motar ta zo da ita. Wannan mutum take tausaya wa. Sai dai in ka yi mata irin lodinka na marasa imani, ba za ta ga ƙarshen rani ba, ni kuma ba na son ganin fuskarka sau biyu a shekara.

Babu wadda ke yin duka biyun, ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Ni dai da buhuna kaɗai kake ɗauka da ban tsaya dogon bayani ba. Ga shawara: ka zo in ɗaura mai taurin, ka kai Gwaggo asibiti da ita sau ɗaya, sannan ka tambaye ta. In ta ce da damuwa, mu sauya.

Ka taho mini da rake, kada ka zo hannu rabbana yadda ka saba.

Ubangidanka,
Ya'u

*

Makarfi, ran Laraba

Zuwa ga ƙanwata Hafiza, a Furana.

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya makaranta, yaya jikin Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne don duk lokacin da na kira ki sai in ji kina gaban Inna, kina ta amsa mini da "to" da "haka ne". Ke da kike katanga ɗaya da ita, kike kuma raka ta asibiti, ki gaya mini abin da ke faruwa. Sau biyu ke nan ina barin lodi in taho ɗaukarta in koma da mota wayam. Na farko an ce mura. Na biyu na tarar da baƙuwa zaune a ɗaki, an ce ba a tashi a bar baƙo. Hafiza, baƙuwar nan Adama ce ta bayan gidanku, wadda kullum a gidan take wuni.

Na yi ta tunani ko wani abu na yi. Motar ma tun makonnin baya na gyara ta, Ya'u ya sa mata sabbin ƙafafu masu ƙarfi. Ranar da muka fara tafiya da su na tambayi Inna da bakina yadda ta ji, kina zaune ta ce, "Lafiya lau, madalla." To mene ne? In asibitin ne ya ishe ta, ki tuna mata abin da likita ya ce. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Ki ba mai kawo wannan amsa. Wassalam.
Yayanki Iliyasu

*

Furana, ran Juma'a

Zuwa ga Yaya Iliyasu, tare da girmamawa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna nan lafiya, yara suna gaishe ka. Ina gaida uwargidanka Anti Zulaihatu da 'yan makaranta. Allah Ya ƙara buɗi.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, na daɗe ina juya shi. Yaushe Inna ta taɓa gaya maka wani abu yana damunta? Kai ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, daga "wancan" sai "mai motar". Matar da ba ta iya miƙa maka kwanon abinci sai ta aiko ni, ita ce za ta buɗe baki ta ce motarka tana ji mata ciwo? Ka tambaye ta kana kallon hanya, ta amsa tana kallon taga, kai kuma ka ɗauka an gama magana.

Ni da nake kusa da ita a kujerar baya na ga abin da ba ka gani ba. Tun daga ƙofar gida har muka hau kwalta, bakin mayafinta yana tsakanin haƙoranta. Da na zo wanke shi na tarar ta huda shi wuri-wuri. Bayan mun dawo sai da ta kwana biyu ba ta miƙe ba, salla ma a kwance ta yi.

Na ce zan gaya maka, ta ce kada in kuskura. Ga yadda ta faɗa: "Motar nan ita ce gonarsa. Da ita yake ci da gidansa da nawa. Ya kashe abin da ya kashe ya gyara ta don aikin kaka, sai in sa ya warware saboda ƙashin tsohuwa?" Na ce to mu nemi ƙaramar mota. Ta yi dariya, don ta san tun da ruwa ya cinye hanyarmu babu ƙaramar motar da ke shigowa, babur kuwa ba a ma maganarsa. Ita ta aika a kira Adama ranar, tun da asuba.

Abin da ya sa na karya umarninta shi ne ƙafar ta fara riƙewa. Yanzu sai ta dafa bango take kaiwa bakin rijiya, alhali a watan jiya da sanda kaɗai take zuwa. Tsoro nake ji, Yaya.

Ban san komai game da ƙarfen mota ba, kai ka san abin da zai yiwu. Abu ɗaya nake roƙo: kada ta san na faɗa, kada kuma ta san ka yi asara dominta. In ta gane, wallahi ko a kan katifa ka shimfiɗa hanyar ba za ta shiga ba.

Allah Ya bar zumunci. Ka huta lafiya.
Ƙanwarka Hafiza

*

Makarfi, ran Lahadi

Ya'u, assalamu alaikum. A gaida Mero da su Kawu.

Yau ba wasa a bakina. Inna ta daina zuwa asibiti, kuma motata ce sanadi. Hafiza ce ta gaya mini, kai ma ka riƙe a cikinka.

Da farko ban yarda ba, na ce ai ni ma a cikinta nake wuni. Sai na tuna ni sitiyari nake riƙe da shi, ina ganin rami tun kafin in faɗa, jikina ya shirya. Jiya na ba abokina Salman tuƙi, babu kaya a baya, na koma inda Inna ke zama na rufe ido, muka bi hanyar Furana. Ya'u, ni da ƙuguna lafiyayye sai da na ce ya tsaya tun ba mu yi nisa ba. Na sauka na zauna a gindin wata ɗorawa.

Ka san a hannun kakata na tashi. Tafiyar asibitin nan ita ce karo na farko a rayuwata da nake zama wuri ɗaya da Inna na tsawon lokaci. Ba ma hira, amma ina jin motsinta a bayana, ina jin tana jan carbi, kuma daɗi nake ji. Har ɗokin ranar nake. Ashe ni ina jin daɗi ita tana cizon mayafi. Na ji kunya, na ji haushin kaina.

Ga masara an fara karya, na riga na yi wa mutane alkawari. Gaya mini gaskiya: in na riƙa ɗora 'yan buhuna a baya ranar asibiti, motar za ta yi laushin da zai ishe ta? Ko sai an warware komai?

Naka,
Iliyasu

*

Kudan, ran Talata

Wa alaikumus salam, Iliya.

Laifin namu ne mu biyu. Ni na ce ka tambaye ta, na manta wace ce Gwaggo.

Buhuna a baya za su rage, amma ba za su isa ba, ba ga ƙugun da aka yi wa aiki ba. Gaba ma ai mai taurin ce, buhu ba ya taimakonta. Ba zan rufe ka ba, sai mun cire fallen da muka ƙara, mu sa masu laushi gaba da baya. Ranar asibiti ka rage iskar taya kaɗan kafin ka shiga hanyar ƙauye, in ka hau kwalta ka mayar.

Abin da za ka rasa kuwa ka san shi. Dole ka rage lodi sosai, abin da kake kwashewa sawu biyu ya koma uku. Mai zai ƙaru, wasu manoman za su gaji da jira su kira wani. A kwalta kuma ka daina shan kwana kamar an biyo ka. Masu taurin zan shafe su da mai in ajiye maka, ba za su ruɓe ba.

In ka yanke, ka zo da sassafe. Ba sai ka kawo rake ba.

Ya'u

*

Kudan, ran Alhamis

Hafiza, assalamu alaikum. Ina gaida Inna da jiki.

Daga garejin Ya'u nake rubuto miki, an gama aikin. Cikin hira, ba da niyya ba, ki gaya wa Inna cewa ƙafafun nan masu tauri fasa wa mutane tumatir suke, shi ya sa na sauya su. Don kada ki yi ƙarya, jiya na ɗauko kwandunan tumatir da gangan na bi da su ta gargada, sun kuwa fashe har ruwa na ɗiga. Mai su ya zage ni tas, na biya shi.

Ina nan tafe ran Talata in Allah Ya kai mu. Ki nema wa Adama aike mai nisa.

Yayanki Iliyasu

*

Furana, ran Laraba

Yaya, assalamu alaikum. Da fatan ka isa gida lafiya jiya. Sannu da hanya.

Na ga kana ta leƙen madubi, to e, barci take yi. Tun kafin mu fita kwalta kanta ya kwanta a kafaɗata, carbin ya zame mata. Shi ya sa na ƙyale ka ka riƙa tafiya kamar mai rakiyar amarya.

Bayan ka tafi ta ce, "Hafiza, tun yaushe wancan ya fara dakon tumatir ana tsakiyar karyar masara?" Na ce ban sani ba. Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Allah Ya yi masa albarka." Ta faɗa sau uku, ta juya fuska bango don kada in ga idonta.

Ta ce in gaya maka ranar komawa ka fito da wuri, ba ta son a riga ta layi.

Wassalam.
Ƙanwarka Hafiza