Lambun Wardin da Hushang Ya Karɓa a Tayin Farko

Zuwa ga Yaya Mahin, a Istanbul.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan, ya ja da ranki. Mu nan Kashan alhamdu lillahi. Uwargida Batul na ta shara da wankin dardumai saboda Noruz, sallarmu ta sabuwar shekara, ta matso, ɗana Bijan kuma ya fara zama a shago, ko da yake har yanzu surutunsa ya fi cinikinsa.

Yaya, ƙaninmu Hushang ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san tun da ya bar aikin jakadanci ya dawo gida, ni na bi kasuwa rumfa-rumfa har ya samu kujerar majalisa. Ban gama sakandare ba, hayaƙin tukunyar ruwan wardi ne makarantata, amma da na ce a zaɓe shi, an zaɓe shi. Ranar Juma'a na shirya masa walima a lambuna na Ƙamsar, wanda na saya da gumina tun yana duwatsu. Na tara manyan kasuwa, ga shinkafa da za'afaran, ga rago. Yana kurɓar shayi ya dubi wardin, ya ce duk yawonsa na Turai bai ga wuri irin wannan ba. Ni kuwa na faɗi abin da kowane ɗan halak zai faɗa: na ce bai kai darajarsa ba, nasa ne, ya ɗauka.

Yaya, sai ya ce ya gode! A tayin farko, gaban jama'a. Ya rungume ni, ya ce dama yana neman inda zai riƙa sauke baƙinsa na Tehran. Ko mai sayar da kankana a bakin titi ya san in aka ce maka ka ɗauka, ƙi ake yi, a sake tayi, ka sake ƙi, kowa ya tafi da mutuncinsa da kayansa. Haji Ramazan mai darduma har ya ƙware da shayi. Washegari a kasuwa yake tsokanata, wai in taimaka kada in yaba rawaninsa, kada ya ce nawa ne in ɗauka, don shi yanzu tsoron danginmu yake.

Batul ta ce wataƙila zaman waje ne ya mantar da shi al'ada. Na ce mata mutumin da ya yi shekaru yana auna kalma gaban sarakunan duniya ba ya mantuwa, sai dai ya ga dama. Ya san ba zan iya janyewa ba, magana zarar bunu ce. Da na ƙi bin ƙa'ida a kasuwa, da yau ba ni da sunan da ya hau ya shiga majalisar. Jiya har ya aiko direbansa ya auna ƙofa, wai mota ba ta shiga, za a rushe katangar da na ɗora da hannuna.

Ke kaɗai yake jin kunya tun rasuwar Mama. Ki rubuta masa kafin Noruz, ki tuna masa ya zo ya ƙi, gaban mutanen da suka ga ya karɓa. Zan sake yi masa tayi, ya sake ƙi, shi ke nan. Amma kada ki ce ni na aiko ki. In har zai ji haka, gara ya riƙe lambun. Idan sallar ta wuce bai zo ba, da kaina zan kai masa makulli, in yi masa murmushi, daga nan kuma ba ni da ƙane a Tehran.

Ki gaishe da maigidanki Agha Faridun, da Zhale da ƙaramin Kamran. Batul da Bijan suna gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Kazem