Ku Sauke Hotona Daga Gaban Injin Aro

Zuwa ga Shugaban kwalejinmu ta koyon fasaha mai zaman kanta da ke cikin garin Gombe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ranka ya daɗe, sunana Ramatu Usmanu, ɗalibar shekarar ƙarshe a sashen sarrafa injinan masana'antu masu aiki da kansu. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru na zo. Ko ba ka san sunana ba ka san fuskata, domin ni ce yarinyar nan mai farar hular kwano a kan ɗankwali da ke murmushi a allon tallan ƙofar kwaleji. Na sha zuwa ofishinka ana ce mini kana taro, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani. Ban ambaci sunan kwalejin ba, don akwai malaman kirki a cikinta da ba su ci ba, ba su sha ba.

Na farko, yadda na zo. Mahaifina, Malam Usmanu, makanikin injin niƙa ne da na sussukar shinkafa. Bai yi boko ba, amma a Garwa in ya ce inji ya gyaru, mai shi ba ya sake tambaya. Da sababbin injina suka fara shigowa, irin waɗanda wata ƙaramar na'ura ke ba su umarni daga cikin akwatin ƙarfe, sai aiki ya fara fin ƙarfinsa. Ya ce tunda tun ina ƙarama nake miƙo masa sifana, ni zan je in koyo masa yaren waɗannan akwatunan. Ana haka wakilinku ya zo garinmu, ya yi alkawarin ɗakin gwaji da babu irinsa a wannan yanki. Na bar Faransancin da na sani, na zo na kama ɗaki a unguwar Madaki, na yi ta kokawa da Turanci har 'yan aji suna kwaikwayon maganata. Duk na haɗiye, don na san abin da ya kawo ni.

Na biyu, ɗakin gwajin. Shekararmu ta farko a kulle yake da kwaɗo. In mun tambaya, a ce kaya na hanya, suna tashar jirgin ruwa a Legas. A allo ake zana mana na'urar da alli, mu kwafa, mu haddace, mu ci jarrabawa. Sai a tsakiyar shekara ta biyu, makon da tawagar masu tantance makarantu za ta zo, muka wayi gari ɗaki ya cika. Ga bel mai tafiya da kwalabe, ga akwatunan umarni da fitilunsu, ga ƙamshin sabon fenti. Wallahi ranar sai da na yi hawaye don murna. Aka zaɓe ni in tsaya a gaban baƙi, wai mace ce kuma baƙuwa, zai fi armashi. Abin da aka koya mini bai wuce in danna kore kwalabe su tafi, in danna ja su tsaya ba. Na danna, baƙi suka tafa, kai da kanka ka ce, "Ga 'yarmu daga Kamaru, ita ce shaidarmu." Nan aka ɗauki hoton. Baƙi na juya baya, babbar mota ta zo da rana tsaka ta kwashe komai, aka ce za a kai a duba lafiyarsu a dawo da su. Na yarda, don ban taɓa zaton shugaban makaranta zai yi wa ɗalibansa wasa da hankali ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni yin shiru. Na tura wa Baba hoton a waya. Ya sa aka wanke masa, ya liƙa babba a shagonsa, ƙarami kuma yana yawo da shi a aljihu. Babu mai injin da bai gani ba. Da na je hutun babbar Sallah, sai sabon injin wani mai kamfanin shinkafa, Alhaji Bello, ya tsaya cak, ga buhunan mutane jibge. Baba ya ce masa kada ya kira kowa daga nesa, 'yarsa na gida. Ya sa sabuwar riga, ya riƙe mini akwatin kayan aiki, shi da ya saba a riƙe masa. Aka buɗe mini akwatin umarni a gaban ma'aikata. Ranka ya daɗe, na san sunan kowane abu a ciki, zan iya zana maka shi ido rufe, amma ban san inda zan fara sa hannu ba. Na tsaya ina kallon wayoyin da ke cikin akwatin, su ma suna kallona. Alhaji Bello mutumin kirki ne, cewa kawai ya yi, "Ba komai, Malam Usmanu, yarinya ce, a hankali za ta iya." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Baba ya ɗauki akwatin kayan aiki, muka kama hanyar gida.

Da na dawo Gombe na tsare Malam Yohanna, mai riƙe da makullin ɗakin gwaji, na ce don girman Allah ya faɗa mini yaushe za a dawo da injinanmu. Ya ja ni gefe ya ce, "'Yata, ba namu ba ne tun asali. Bel ɗin na wani kamfanin ruwan gora ne, akwatunan kuma daga wata makaranta aka aro. Ni aka sa na liƙa tambarinmu a kan nasu." Ina roƙo kada a taɓa shi, tambayarsa na yi ya ji tsoron Allah. Ashe zanen aro aka ɗaura mana, kuma ko yaro ya san ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wakilinku ya koma Garwa da fastoci ɗauke da wannan hoton. Iyaye suka riƙa zuwa shagon Baba suna tambaya, shi kuma tun kafin in ji kunya a kamfanin Alhaji Bello ya riga ya ce musu makarantar gaskiya ce, ga 'yarsa nan shaida. Maƙwabtanmu biyu har sun yi wa 'ya'yansu takardun tsallako iyaka a kan maganarsa. Da na kira shi na faɗa masa abin da na ji, dattijon nan ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya yana janye maganarsa, yana ba da haƙuri kan laifin da ba nasa ba. Da yamma ya kira ni ya ce, "Ramatu, tunda na fara sana'a ban taɓa ce wa mutum inji ya gyaru alhali bai gyaru ba. Yau ga shi na tsufa ina yawo da ƙaryar wasu a aljihuna." Ranka ya daɗe, daga gidanka na GRA zuwa kwaleji kullum kana wuce hoton nan. Ni sai in sunkuyar da kai in na zo ƙofar.

Ga roƙona. A sauke hotona daga ƙofar kwaleji da duk fastocin da ke Garwa, domin ban yarda a ci gaba da farautar 'ya'yan mutane da fuskata ba. A tura mu, mu 'yan shekarar ƙarshe, wani kamfani mu taɓa inji na gaske kafin a miƙa mana takardar shaida. Kamfanin da ya ara muku bel saboda baƙi ai zai iya karɓar ɗalibanku. Sannan ka rubuta wa mahaifina layi biyu da hannunka, ka ce shi ma yaudararsa aka yi, ya samu abin nuna wa maƙwabta. Ba ya karatun boko, amma zan karanta masa, kuma zai sa ta a aljihun da ya cire hotona.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya haɗa 'ya'yanka da malamai masu riƙon amana a duk ƙasar da suka je neman ilimi.

Taka ɗaliba,
Ramatu Usmanu, unguwar Madaki, Gombe.

Wassalam.