Hatsin Gidan Tururuwa

Kanan-Bakashe, 4 ga Maris, 1985

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Wada direba ya kawo labarin wasan kwaikwayon da ka rubuta wa ƙungiyar samariyar Tasawa, na wata mata da ta yi kwalej, mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, yunwa ta sa ta tona gidan tururuwa tana neman hatsi. A bakin rijiya ya faɗa. Mata suka juyo suna kallona.

Shekara goma sha ɗaya ina rufe wannan abu. Ka ci tuwon ka rayu, yanzu za ka kai shi dandali sojoji su tafa maka. Ɗan kirki ba ya nishaɗantar da gari da asirin uwarsa. Ka janye shi.

Allah ya shirye ka.
Mahaifiyarka, Barira


Tasawa, 11 ga Maris

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Wata rana da kika tafi gidan tururuwa da tsakar rana na bi bayanki, na laɓe a gindin aduwa, ban taɓa gaya wa kowa ba. Na yi ta ƙirƙiro wasu mata daban, duk suka mutu a takarda. Wadda ta tashi ta yi tafiya, tafiyarki take yi.

Gasar da za a nuna wasan ran ashirin ga wata ce. Ga rubutun ki karanta. In kin ce a ƙone, zan ƙone.

Ki yafe mini.
Ɗanki, Ishaƙu


Kanan-Bakashe, 16 ga Maris

Auta,

Ina amsa gaisuwarka. Sau uku na karanta, da ƙarfi, tunda gidan ba kowa sai ni.

Shafi na tara ƙarya ne. Matar cikin wasanka tana kuka tana ɗaga hannu sama. Ban yi kuka ba. Tururuwa na cizona har gwiwar hannu, ina sauri kada wani ya gifta. Kuma ita ta kwashe hatsin duka a wasan. Ni kullum sai na mayar musu da cikin tafi ɗaya na rufe ramin, don su ma suna da ƙanana. In za ka kunyata ni, ka yi da gaskiya.

Kada ka ajiye mini wurin zama, ba zan zo ba. Wada zai kawo maka ƙwaryar da nake ɗebo hatsin a ciki, mai ɗinki a baki. Ka gaya wa yarinyar da za ta fito a madadina ta riƙe ta a ƙarƙashin mayafi.

Allah ya yi maka albarka.
Barira