Kyanwa a Layin Shanu

Daren Laraba, watan Sha'aban, 1975

Yau na kai kyanwarmu Gumel wurin malamin dabbobi. Shekaranjiya ƙanena Sale ya ga ƙuma a jikinta, sai ya ɗebo maganin kaskar shanunsa ya shafe ta da shi, wai abin da ya yi wa bijimi magani ai ba zai kasa yi wa kyanwa ba. Ita kuwa ta lashe jikinta. Tun jiya take karkarwa, yawu na dalala.

Na sa ta a buhu, na ɗaure a bayan keke. Duk wanda na gamu da shi ya ɗauka yar da ita zan je yi, tunda haka ake yi wa kyanwa mai sata. Ban yi wa kowa bayani ba.

Na tarar da makiyaya da shanunsu, na bi layi. Da na kwance buhun, wani dattijo ya ce, "Malam, taka saniyar ba ta girma ba." Aka yi dariya. Malamin bai yi ba. Ya ce duk allurar da ke hannunsa ta shanu ce. Ya sa na wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi, ya ce, "Ka lulluɓe ta. In ta kai jibi, ta tsira."

Sale bai zo cin tuwo ba.

Yanzu tana kwance kan tsohon bargona. Ina jin ɓeraye a ɗakin hatsi, kuma geron da ke ciki shi zai kai mu kaka. Ɗazu ta ɗaga kunne ɗaya wajen motsinsu, amma ba ta tashi ba.